Kwamitin Yoyon Tarakta

Shekara goma sha ɗaya ke nan Makaniki yana auren autar gidan, amma ba a taɓa kiransa da sana'arsa a gidan surukansa ba. "Mijin Auta", shi ke nan. A gareji direbobi layi suke yi, Injiniya kaza, Injiniya kaza. A nan kuwa ko fanka ce ta tsaya sai a kira wani daga waje, yana zaune yana kallo. Abin na cin ransa ba kaɗan ba. So yake surukinsa ya buɗi baki, ko sau ɗaya, ya ce yaron nan ya san aikinsa.

Surukin tsohon darakta ne. Da ya yi ritaya ya sayi wata tsohuwar tarakta ya ajiye a rumfar kwano bayan gida, ita ke nome gonar da ke ciyar da gidan. Wata Asabar Makaniki ya kawo Auta gaisuwa, sai ya ga tayar gaban taraktar ta jiƙe sharkaf ta ciki, mai ya yi tabo a siminti.

"Baba, sil ne ya mutu," ya ce yana durƙushe. "Zoben roba ne da ke tare mai a cibiyar taya. Yini guda na canza na ƙafafun biyu."

Darakta ya dube shi ta saman tabarau. "Mijin Auta, ba a aiki da ka. Komai yana da tsari."

Tsarin kuwa kwamiti ne na 'ya'yansa maza biyu. Yaya Babba, malamin makaranta, shi ne shugaba. Yaya Ƙarami, mai kantin magani, sakatare. Makaniki aka ce yana iya halarta a matsayin ɗan kallo. Zama na farko an tafka muhawara a kan ko yoyo ne ko zufa. Na biyu aka amince a shimfiɗa kwali a ƙasa a riƙa ƙirga ɗigo. Na uku aka ɗage, sakatare ya manta biro.

Ikon Allah, sai ɗigo ya fara raguwa. Arba'in, ashirin, bakwai. Mako na huɗu kwali ya wayi gari fes. Aka aika wa Makaniki ya zo ya ji rahoto: an shawo kan matsalar ba tare da kwance ko noti ɗaya ba, kuma jibi direba zai fita da ita huɗa.

Ya sulale zuwa rumfa, ya kwance notin zuba mai, ya zira yatsa. Ƙayau! Yoyo ya tsaya ne saboda babu sauran abin da zai zuba.

Nan fa zuciya ta fara raya masa abubuwa. Ta ce kada ya gaya wa kowa. Awa biyu a gona boris ɗin da taya ke juyawa a kansa zai ƙone, taya ta ƙame, kwamiti ya tako da ƙafarsa har gareji yana "Injiniya, taimaka". Wallahi tunanin ya yi masa daɗi, har murmushi ya yi. Sai ya hango surukarsa a bakin ƙofar kicin, da tire a cinya, tana tsince irin da ta adana tun bara. Kayan cikin tayar nan kuwa an daina ƙera su, in suka ƙone babu noma bana. Ya ja dogon tsaki, shi kansa bai san da wa yake ba.

Washegari da sassafe ya dawo da jak da akwatin sifana. Ya ɗaga gaban, ya tokare da katako, ya cire taya, ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya. Tsohon sil ya bushe ƙamas, da ƙyar ya ɓanɓaro shi. Ya wanke mazauninsa tas, ya duba boris ya ga saura ƙiris ya ƙone, ya shafa wa sabon sil mai, ya buga shi a hankali da guntun bututu don kada ya karkace. Ya koma ɗaya ƙafar. Sannan ya ɗura mai har ya taɓo bakin rami. Sai bayan la'asar ya miƙe, bayansa kamar zai tsinke.

Darakta ya fito, 'ya'yansa biyu na biye, sakatare riƙe da sabon kwali. Makaniki ya miƙa masa tsohon sil da hannu biyu.

"Baba, duba yadda ya tsage."

"Ai dole ya tsage, ina jin irin dukan da kake masa tun daga falo."

Aka shimfiɗa kwali, aka tayar da inji, aka tsaya minti goma ana kallo.

"Sakatare, jiya ɗigo nawa?"

"Babu, Baba."

"Yau fa?"

"Babu."

Darakta ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗar Makaniki, abin da bai taɓa yi ba. Makaniki ya ji hawaye na neman kawo masa.

"A sa a rahoto," in ji Darakta, "mijin Auta ya kwance ta ya mayar, kuma alhamdulillahi bai ɓata komai ba."