Ruwa Bakwai na Goggo Safiyatu

Shekara talatin da ɗoriya Goggo Safiyatu tana daddawa a unguwar Nassarawo ta Mubi, ba a taɓa dawo mata da ko ƙwaya ɗaya an ce ga abin da aka tsinta a ciki ba. Daga Maiha ma aikowa ake yi. Mata masu abincin sayarwa a tasha ko sunsunawa ba sa yi, kwano kawai suke miƙowa. Aikin da ta sani ke nan, ya kuma ishe ta. Ta dafa kalwa kwana da yini, ta zuba a turmi ta sussuka da yashi har ɓawon ya saki, ta ɗauka zuwa mayo, wato rafi, ta wanke ruwa bakwai, ta sake dafawa, ta rufe da ganye da buhu kwana uku, sannan ta daka ta shanya. Ba ta yi boko ba, ba ta kuma taɓa jin wani abu ya wuce ta ba.

A hutun makaranta ne Malama Nafisat, 'yar maƙwabciyarta mai koyar da 'yan aji huɗu, ta shigo da waya a hannu. Ta ce an tara malamai bita ta mako biyu ana koya musu kwamfuta, an kuma ce kowa ya haɗo ɗan bidiyo a kan wata sana'a ta gari, wanda zai nuna wa yara in an koma. Ita daddawa ta zaɓa.

Abin ya yi wa Goggo daɗi, ba ta ɓoye ba. Har koren ɗankwalinta na zuwa biki ta ɗaura. Kwana huɗu Nafisat tana bin ta, daga murhu zuwa turmi, daga turmi zuwa mayo, inda ta tsaya cikin ruwa da siket a tattare tana ɗauka har hannunta ya gaji.

Bayan mako guda Goggo na zaune a rumfarta a kasuwa, sai Adawiyya mai kuka da busasshiyar kuɓewa ta matso da kujerarta tana murmushi.

"Goggo, ashe kin zama 'yar fim ba labari. Mu dai a tuna da mu."

Ta miƙo wayarta. Ga koren ɗankwali, ga turmi. Ga hannun Goggo ya ɗebo yashi cike da tafi ya watsa cikin kalwa. Ta daka, ta daka. Sai kuma ga kalwar cikin tukunya tana tafasa.

"Mayar baya," in ji Goggo.

Adawiyya ta mayar. Yashi ya shiga, tukunya ta fito.

"Ina mayo?"

"Ni abin da aka turo min ke nan."

Kafin la'asar Goggo ta ga illar abin da idonta. Sadiya mai tuwo a tasha, wadda ta shekara goma tana saye, ta zo ta ɗauki daddawa ɗaya ta juya ta, ta murtsuke gefenta tsakanin yatsu, ta kai kusa da ido. Ta ce yau dai ba ta buƙata, gaisuwa ce ta kawo ta. Goggo na kallo ta tsallaka rumfar gaba da kwanonta.

Washegari da hantsi Goggo ta cika ƙwarya da daddawa, ta yafa mayafi, ta taka har makarantar da ake bitar. Ƙarar janareto ce ta nuna mata ajin. Malamai kusan talatin ne a ciki, manya da gemunsu sun dunƙule a kan bencin yara, biyu-biyu a kan kwamfuta ɗaya. A layin gaba ta gane Malam Alhassan, wanda ya koyar da 'ya'yanta duka biyar, yana neman harafi da yatsa ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ta yi sallama ta shiga, ba ta jira an amsa ba. Ta dire ƙwaryar a kan teburin mai koyarwa, wani siririn mutum mai tabarau da suke kira Mista Tizhe.

"Mama, lafiya? Muna cikin darasi ne."

"Ni ma darasin ya kawo ni. Ɗauki ɗaya ka tauna."

"Ɗanya?"

"Ba za ta kashe ka ba. Tauna."

Ya dubi ajin, ya gutsura kaɗan, ya tauna yana yamutsa fuska.

"Ka ji yashi?"

"A'a, Mama."

"Malam Alhassan, kai da sauran haƙoranka, ɗauka."

Malam Alhassan ya ɗauka yana dariya. "Safiyatu, ni shekara nawa ina cin ta a miya, sai yau za a yi min jarrabawa?"

"Yau ne aka ce da yashi nake ciyar da Mubi. Ina Nafisat?"

Nafisat ta miƙe daga can baya, ta ja mayafinta. Goggo ta faɗa wa ajin abin da ya faru tun daga wayar Adawiyya har zuwa kwanon Sadiya, ba ta rage komai ba. Ta ce ita ba ta roƙi kowa ya ɗauke ta ba. An zo har gida, ta buɗe tukunyarta, ta nuna abin da ko surukarta ba ta nuna wa ba, sakayyar ke nan.

"Goggo, wallahi ba da nufi ba ne," in ji Nafisat, muryarta ƙasa-ƙasa. "An ce kada ya wuce minti uku. Wankin ya yi tsawo, abu ɗaya ake ta maimaitawa, sai na cire. Kuma a gurup ɗin malamai kawai na tura."

"Abu ɗaya ake maimaitawa. Ke in kin yi wanki, sau ɗaya kike ɗauraya?"

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Mista Tizhe bai yi dariya ba. Ya tambayi ajin su waye suka tura bidiyon waje. Hannu ya fara tashi a hankali, ɗaya, uku, har goma sha ɗaya. Na Malam Alhassan ma yana ciki.

"Ni 'yata ce kawai na tura wa a Yola," in ji shi. "Ranar na koyi turawa, hannuna yana ƙaiƙayi."

"To a janyo shi," in ji Goggo. "Duk inda ya shiga a janyo."

Mista Tizhe ya cire tabaransa. Ya ce gaskiya zai faɗa mata, abin da ya riga ya fita ba ya janyuwa. Abin da za a iya shi ne a haɗa na daidai, a bi da shi hanyar da na farko ya bi. Kuma laifin minti uku nasa ne, shi ya ba da dokar bai ce a koma a nuna wa mai sana'ar kafin a tura ba.

Maganar ba ta yi mata daɗi ba, amma ta lura bai kewaya ba. Ta ja benci ta zauna.

Sai wata matsalar ta taso. Nafisat ta ce ta goge dogon bidiyon daga wayarta, wuri ya cika. Goggo ta fara kwance mayafi tana shirin sabuwar magana, Mista Tizhe ya tambayi ajin me aka koya ranar farko.

"A ajiye kwafi kafin a taɓa komai," suka amsa baki ɗaya kamar 'yan aji ɗaya.

Nafisat ta buɗe kwamfutar. Yana nan. Aka haska shi a jikin bango, mayo ya cika ajin, ga Goggo a sunkuye da kwando.

"Yanzu me za a cire, tunda minti uku ne?" in ji Mista Tizhe. Ajin yake tambaya, amma Goggo ce ta amsa.

"Fara daga farko in gani."

Farkon kuwa fuskar Nafisat ce, tana gaida yara, tana faɗin sunanta da ajinta da amfanin sana'ar hannu ga al'umma. Goggo ta bari ta yi nisa.

"Har yanzu ke ce. Ke kika yi daddawar?"

Wannan karon ajin bai iya dannewa ba, har Nafisat ɗin sai da ta rufe baki da mayafi. Da hannunta ta yanke jawabinta daga bidiyon, ta bar sallama kawai. Mista Tizhe ya nuna musu yadda ake sa hoto ya yi sauri, kowa ya gwada a kwamfutarsa. A bango Goggo ta koma tana wanke kalwa kamar wadda ake kora.

"Ni ba haka nake rawar jiki ba."

"Don bakwai ɗin su shiga duka ne, Mama."

Goggo ta sake duban bangon. Ta ce ta yarda shida su yi sauri. Na bakwai a bar shi yadda Allah ya yi shi, a ga ruwan ya fita fari, a ga ta murza kalwar a tafinta ta buɗe hannu. Kuma ita za ta ƙirga da bakinta. Nafisat ta kara mata waya, aka kashe janareto don ƙara, ta ƙirga ɗaya zuwa bakwai. A ƙarshe ta ƙara abin da ba a ce ta faɗa ba: "Wanda ya tsallake ɗaya, shi zai ci yashi." Mista Tizhe ya ce a bar shi a ciki.

Azahar ta yi kafin a gama. Goggo ta ɗauki ƙwaryarta ta tsaya a bakin ƙofa. Mutum goma sha ɗayan nan, kowa sai da ya nuna mata wayarsa kafin ya fita alwala. Ba ta iya karanta sunayen ba, amma ta san koren ɗankwalinta, ta kuma sa kowa ya faɗi wanda ya tura wa da baki. Wanda ya nuna, ta ba shi daddawa biyu. Nafisat ce ta ƙarshe, ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Ke huɗu," in ji Goggo. "Kai wa uwarki. In an koma makaranta ki kawo yaran mayo su gani da ido, bangon nan ba ya wari."

Tsohon bidiyon bai mutu ba. Har yanzu akan sami wadda za ta tsaya ta ce ita fa ta ga wani abu a waya. Goggo ba ta ɓata bakinta, sai ta ce, "Adawiyya, nuna mata," Adawiyya kuwa ta ce ya kamata a fara ba ta ladan nunawa.

Ranar Laraba Sadiya ta dawo. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta ce an turo mata abin nan na mayo, ashe aiki ne haka. Goggo ta ce aiki ne. Sadiya ta miƙo kwano, ba ta murtsuka ba, ba ta sunsuna ba. Goggo ta cika mata, ta ɗora ɗaya a kai.