Zanen Malam Sanda

Radiyya ta buɗe shago da safe ta tarar injin aikin wuya ya ƙi sauraron kwamfuta. Shagon na mahaifinta ne, marigayi Malam Sanda, a wani lungu na Agege kusa da layin dogo, kuma duk mai babbar riga ta kirki a unguwar ya san hannunsa. Kafin ya rasu sun zauna tare sun kwashe zanensa kaf sun zuba a kwamfuta, har da waɗanda shi kaɗai ya ƙirƙiro. Takardun asali kuwa ruwan sama ya shigo shago wata damina ya cinye su. Abin da ya rage na hannun Baba yana cikin wannan kwamfutar.

Manhajar injin tsohuwa ce, ba ta aiki sai a kan tsohon Windows. Radiyya kuma Linux ta sa wa kwamfutar, tunda kyauta ne, sai ta ɗora wata manhaja mai gina kwamfuta ta biyu a cikin ta farko, kamar ɗaki a cikin ɗaki. A ɗakin cikin nan Windows yake zaune da zanen Baba. Yau ta danna, ta sake dannawa, manhajar ta ce atafau ba za ta tashi ba.

Gano mai laifi bai ba ta wahala ba. Jiya da za ta kai ɗinki Abule Egba, Shafi'i ta bar wa shagon, mijin yayarta Batulu, mai gyaran waya a Ikeja. Mutum ne da Allah ya jarraba da ƙaiƙayin yatsa, in ya ga maɓalli bai danna ba ba ya samun sukuni. Ta kira shi. Ya ɗauka yana dariya, yana ce mata amaryarsa, kamar yadda ya saba tun ranar da ya auri Batulu, don mijin yaya abokin wasa ne. Ya ce kwamfuta ya gani tana roƙon a sabunta ta, shi kuma ya tausaya mata, ladansa tuwo da miyar kuka. Ta kashe wayar ba sallama.

Ranta a ɓace ta buɗe baƙin allo ta soma buga umarni. Matsalar ba baƙuwa ba ce. Sabuntawar ta kawo sabon kanel, wato zuciyar Linux, direbobin manhajar kuwa, wato 'yan ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da kanel, don tsohon aka gina su. Ta sauko da kayan da ake bukata don sake gina su, intanet na jan ƙafa. Ana tsakiyar ginin aka ɗauke wuta. Ta ja igiyar janareta har kafaɗarta ta yi tsami, ta koma farko. Da ginin ya kammala, tsaron kwamfutar ya ce bai san direbobin ba, sai an sa musu hannu. Ta sa, ta kashe, ta kunna, tana tsaki kamar mai korar kaji. Bayan azahar manhajar ta tashi, har Radiyya ta yi hamdala.

Sai kwamfuta ta biyu ta ce ba ta ga faifanta ba. Faifan nan fayil ɗaya ne tak, ƙato, duk ɗakin cikin yana cikinsa. Ta duba inda yake zama, babu. Ta duba kwandon shara, wayam.

Da la'asar Shafi'i ya sauka daga okada da ledar tsire, wai ya zo biko. Teloli maƙwabta suka leƙo, don sun san in waɗannan biyun suka haɗu akwai kallo. Ta tambaye shi ko ya goge wani abu.

"Abeg, amarya, shara na kwashe miki," in ji shi. "An ce ba wuri. Na ga wani ƙaton fayil ya cinye rabin kwamfuta, ba hoto ba, ba bidiyo ba, na danna bai buɗu ba. Ai haka muke yi wa waya kullum."

Nan Radiyya ta sauke masa kwandon masifa. Ta ce masa jahili, mai hannun ɓarna, wanda bai san komai ba sai goge-goge. Ta faɗa masa ƙarara zanen Baba ya goge. Amma wa zai ji? Shekara da shekaru tana zaginsa yana ramawa ana shewa, yau ma sai aka ɗauka ci gaban jiya ne. Teloli suka bushe da dariya. Shi ma ya riƙe ciki, ya ce ai ita injiniya ce, danna biyu za ta yi komai ya dawo. Wannan dariyar ta fi gogewar ƙona mata rai.

Ta juya musu baya ta kunna manhajar ceto fayil. Tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta da ta yi ta cewa gobe za ta kwafe zanen ta adana a wani wuri. Binciken ya ɗau lokaci, su kuma suna cin tsire a bakin ƙofa. Da ya ƙare, amsar a fili take: sabuntawar da ya yi ta zauna daram a gurbin fayil ɗin. Ko zare ɗaya na zanen bai tsira ba.

Ta kashe kwamfutar, ta gyara mayafinta. Ta zo gabansa ta durƙusa har ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa surukin da ake jin nauyi.

"Malam Shafi'i, sannu da zuwa," ta ce. "An gode da ɗawainiya. A gaida mutan gida."

Ya buɗe baki zai ce amarya, kalmar ta ƙi fita. Teloli suka sulale ɗaya bayan ɗaya zuwa kekunan ɗinkinsu. Ya tsaya da tsinken tsire a hannu yana jiran ta ɗago ta zage shi, ita kuwa ba ta ɗago ba.