Ƙidayar Tsuntsayen Tafki

Aikinta ƙirga tsuntsaye ne. Duk shekara takan zo bakin wannan tafki da madubin hangen nesa, ta ƙirga abin da ke kan ruwa, ta aika wa ofis. Bana kuwa Oga ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in adadin bai haura tamanin ɗin bara ba, masu tallafi za su janye, a cire shinge, masu buga bulo su shigo.

Ta zo da goyo a baya, jaririyar da ko zama ba ta fara ba. Baba ma ya biyo ta, wai zai taya reno, alhali tun haihuwar yarinyar ba ta taɓa barin ta a hannun kowa ba.

Ta kai talatin da ɗaya ke nan jaririya ta tsala kuka. Tsuntsayen kan ruwan suka tashi gaba ɗaya, fuka-fukai ko'ina, sai kumfa da gashin tsuntsu suka rage.

"Amaryar tawa ta kore miki baƙi," in ji Baba, yana dariya. "Rubuta ɗari biyar kawai. Ni shaida ne."

"Yaushe ka gani, Baba?"

"Kina 'yar mitsitsiya. Ina ɗora ki a wuya, agwagin dinya sun rufe ruwan nan har ba a ganin sa. Ke har kuka kike yi in za a koma gida."

Ta tuna. Ƙanshin laka, kunnuwansa da take riƙewa kamar kan keke, takalminta da ya taɓa nutsewa ya ce kifi ya ara. Lokacin ba shinge, ba rahoto, ba wanda ya damu ya ƙirga, don ba wanda ya zaci za su ƙare.

"Ba na wancan zamanin suke tambaya ba. Na yau suke so. In na ƙara ko guda, baɗi da me zan gwada?"

Ƙa'idar aikin ta yarda a sake ƙirga in tsuntsayen sun dawo kafin rana ta yi zafi, amma ba za su sauka ana wannan kuka ba. Ta dubi bishiyar da ke can bayan shinge, ta dubi hannuwan Baba da suka fara rawa da tsufa.

"Ka zauna kafin in miƙa maka ita. Ka tallafe wuyan. Kada ka ba ta komai, ko ruwa. In ƙuda ya..."

"Ke! Wa ya rene ki? Ƙuda?"

Ta kwance zanin goyon, bayanta ya yi sanyi wani iri. Ta koma cikin ciyawa ta tsuguna. Kukan na biyo ta, nono ya zubo ya jiƙa mata riga. Sau biyu tana yunƙurin tashi. Can sai ta jiyo muryar Baba ƙasa-ƙasa, yana rera waƙar nan tasa marar kalmomi da ya riƙa yi mata in zazzaɓi ya kama ta. Kukan ya koma shessheƙa, ya ɗauke.

Zalɓe ne ya fara sauka, yana taku kamar mai bin sawun ɓarawo. Sai belbelu, sai agwagin ruwa a jere. Ta ƙirga a hankali, ta sake ƙirgawa, ba ta waiwaya ba sai da ta gama.

Da gudu ta isa gindin bishiyar. Kaka da jika duk sun yi barci, yarinyar ta damƙe masa gemu.

Ya buɗe ido ɗaya. "Nawa?"

"Tamanin da tara."

"Shi ke nan? Waɗannan ai a da ko kallo ba su ishe mu ba."

"Sun isa a bar shingen," ta ce, tana danna lambobin a waya da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana ɓamɓare 'yan yatsun daga gemun.