Ranar Da Ƙarfe Ya Riƙe Ni

Shekara ashirin da bakwai ina ɗaura ƙarfe a saman gine-ginen Toledo, ba wanda ya taɓa tambayata bambancin suna da aikatau. Yanzu ga ni da furfura, kowace Asabar da safe, ina ɗaukar darasi a ɗakin taron ƙungiyarmu ta ma'aikata, kan wata 'yar kujera da ba ta ɗauki rabina ba. Kamfani ya ce ba zai ba ni aikin duba ma'aikata daga ƙasa ba sai da takardar sakandare. Ni kuwa na gama da hawa sama.

Ranar nan Malama Yvette Toussaint ta cika allo da kalmomin tsoro na Turanci. Wai fear suna ne, kuma aikatau ne. Wai afraid ba ya shiga gaban suna, amma scared yana shiga. Wai frighten shi ne ka tsorata wani, in ka liƙa masa wutsiyar -ed kai aka tsorata, in ka canja wutsiyar zuwa -ing kai ne abin tsoron.

"Malama," na ce, "abu ɗaya ne fa. Gwiwa ta yi sanyi, shi ke nan. Wane marar aikin yi ne ya zauna ya raɗa masa suna goma?"

"Kakanninka, Mista Pawlak."

"Kakannina 'yan Polan ne, ba ruwansu."

Lyle Brandt, abokin aikina, yana zaune a bayana yana cin donat. "Ƙyale shi, Malama," ya ce. "Gus ko sunansa zai rubuta sai ya huta a tsakiya."

Sai ta ba mu gwaji. Jimla biyar, kowace da tata kalmar, a kan ranar da kai kanka ka ji tsoro. Wanda ya ci, sunansa ya shiga jerin masu babbar jarrabawa. Wanda ya faɗi sai baɗi. Wato wata shekara guda a sama.

Na rubuta cewa karena yana tsoron tsawa, surukata kuma kowa tsoronta yake. Malama ta leƙo ta ture min takardar.

"An ce kai. Ba karenka ba."

"Ni ba ni da abin rubutawa."

"Hawa nawa kake hawa?"

"Malama, ba ki gane ba. A wurinmu ba a faɗin wannan kalmar."

Gaskiya na gaya mata. Idan mutum ya sandare a sama, ya rungume ƙarfe ya kasa motsi, cewa muke ƙarfe ya riƙe shi. Wani zai hau ya zauna kusa da shi, ya yi ta surutun banza har hannunsa ya saki. Su sauko, wanda ya sandare ya saya wa wanda ya hau kofi, maganar ta mutu har abada.

"Al'ada mai kyau," ta ce. "Saura minti goma."

Na ciji fensir har na ji ɗanɗanon itace. Sannan na rubuta. Watan Maris, hawa na goma sha huɗu, ba iska, ba komai, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na rubuta cewa Lyle ya zauna gefena minti arba'in yana ba ni labarin giyar motarsa. Kalmomin nan biyar duk na zuba su, kowace da sunana a gabanta. Na ce a raina ai Malama kaɗai za ta gani.

"To," ta ce, "kowa ya miƙa wa na bayansa ya duba masa."

"Kai! Wannan wane irin wulaƙanci ne?"

Lyle ya riga ya fizge takardar. Na zuba wa allo ido. Ina jin ya daina tauna. Ya daɗe yana karantawa.

"Jaki," ya ce a ƙarshe, ƙasa-ƙasa. "Birki ne, ba giya ba. Ashe ba ka saurarona." Ya ɗaga murya: "Huɗu cikin biyar, Malama. Ya tsallake harafi ɗaya a ta ƙarshe."

Ya kai mata takardar da kansa, a kife. Ta karanta, ba ta dube ni ba, ta jawo jerin sunayen.

"Huɗu ta wuce. Yaya ake rubuta Pawlak?"

"Au, yau kuma ni zan koya miki?"