Ɗaya a Woodbridge, Ɗaya a Beltsville

Bayan sadakar arba'in ɗin Radiyya aka raba kayanta a falon gidanta na Woodbridge, a Amurka. Malam Zulkifilu, injiniyan da ke jan salla idan liman ya yi tafiya, shi ya yi rabon. Da aka zo kan dabbobinta biyu, ya ce abin ya zo da sauƙi: ɗaya na mijinta Nasir, ɗaya na mahaifiyarta, Iya Talatu.

Shuga-gilaida ake ce musu. Kamar 'yan kurege suke, ga manyan idanu, ga fata tsakanin hannu da ƙafa da suke shawagi da ita. Ranar da Radiyya ba ta da aiki a asibiti, su biyun kan wuni suna barci cikin wata 'yar jakar ulu da take ratayawa a wuya.

Iya ta karɓi nata da jakar, ta koma Beltsville gidan ɗan ƙaninta. Ba ta yi kuka ba. Tun ranar jana'iza ba ta jin komai, ko gishirin miya.

Sati biyu, abin ya daina cin tuffa, ya fara tsige gashin wutsiyarsa. Rumasa'u, matar gidan, ta kai su wurin likitan dabbobi. Ta fassara wa Iya: ba a ajiye su ɗai-ɗai, kaɗaici na kashe su.

Ranar Asabar da hantsi Iya ta sa Rumasa'u ta kai ta gidan Malam a Manassas. Ta ƙi zama.

"Malam, kai ka yi ɓarnar nan, kai za ka gyara. Ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma na yi kiwo. Abin da ke kwana a jaka ɗaya ka raba kamar atamfa? Wa ka tambaya?"

"Iya, a yi haƙuri, ban san halinsu ba."

"To yanzu ka sani. A kawo mini ɗayan."

Malam ya buga wa Nasir waya. Nasir ya iso ya durƙusa ya gaishe ta, duk ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Iya, nawa ma ba ya ci," in ji shi, kansa a ƙasa. "Amma in na dawo daga aiki, shi kaɗai ke motsi a gidan. Ba zan iya rabuwa da shi ba."

Malam ya ce rabon Nasir ne, ba a tilasta masa.

Iya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. A cikin jakar da ke ƙirjinta abin ya ɗan motsa, ba ƙarfi.

Ta cire jakar daga wuyanta ta miƙa wa Nasir.

"Ungo. Ka haɗa su yau, ba gobe ba. Jakar kada ka wanke, Radiyya ce ta ɗinka ta. In ya mutu a hannunka, ban yafe ba."

A hanyar komawa motoci suka cushe. Rumasa'u ta tambaye ta ko a kunna karatu, ta ce a bari. Hannun Iya na ta komawa ƙirjinta, inda ulun ya bar ɗan ɗumi. Kafin su kai gada, wurin ya huce.