Muryarta a Kan Dubu Nawa?

…kuma a ce duk faɗin duniya na'urar wasan nan ta rasa wanda za ta wulaƙanta sai shi! Shi da ake kira Kunne a wurin aiki, shi da ko sauro ya yi tari a ɗaki na uku sai ya ji? Wallahi ko kotu ya maka wanda ya ƙera ta, bai yi zalunci ba.

Kalma uku ce fa kacal. “Ka ci abinci?” Muryar matarsa da ya taɓa naɗa, Allah ya jiƙanta. Ita kaɗai ta rage. So yake ya saka ta a ƙarshen wasan kwamfutar da yake haɗa wa sauti, 'yarsu ta ji uwarta ko sau ɗaya…

Na'ura ba ta san mutum ba, lamba ta sani. Murya a wurinta gutsattsari ce, kai za ka faɗa mata guda nawa za ta zubo a daƙiƙa. Ka daɗa, murya ta sirance. Ka rage, ta yi kauri. Wannan ai ko ɗan koyo —

Lambar tata muryar ce ta ɓace masa. Ya gwada dubu arba'in da takwas. Tsiyau-tsiyau, kamar ɗan tsako. Ga ta a bakin ƙofa da ludayi a hannu: “Maigida, ka girma mana! Maido min da muryata!” Shi kuwa yana ta ƙyaƙyata dariya har hula ta faɗi…

Dubu ashirin da biyu. Ta yi nauyi. Ko haka take da safe? Ashirin da huɗu — wannan ai ƙanwarta ce. Da shida? A'a… ko kuwa? Duk mata ne. Duk suna tambayarsa ko ya ci abinci.

Bai ci ba.

Fanka na ta huci, shayi ya huce a kan tebur. Anjima yarinyar za ta dawo daga makaranta. “Baba, wacce ce Mama?” Ya ce mata me? Tana goye aka yi rasuwar.

Laifin makirufo ne. Laifin tsohuwar kwamfuta ne. Laifin wanda ya goge lambar asali daga fayil, ya rubuta ta tsokana a kai, don ya riƙa kunna mata duk ranar da ta ɗaure fuska. “Gobe zan gyara miki.” Wane marar hankali ne ya —

Shi ne fa. Da hannunsa.

Kunne! Kullum tana magana, shi yana jiran ta gama ya saka wasa…

Ashirin da uku. Ya danna.

“Ka ci abinci?”

Ita ce?