Motocin da Suka Dawo Wayam daga Gubi

Butulci iri-iri ne, amma mafi muninsa shi ne mutum ya toshe hanyar da alheri yake biyowa ya same shi, yana yi kuma yana ganin wayo ne. Laifin Honarabul Abdulmuhaimin ke nan, kuma ga yadda ya biya.

Abdulmuhaimin ɗan unguwar Wunti ne a cikin gari, jikan teloli da 'yan tireda. Da gidajen gado suka cika, aka rasa inda za a ƙara ɗaki, sai dangi da maƙwabta suka riƙa fita suna sayen fili a Gubi, can bayan gari, inda ƙasa take da araha. Sun kwashe tukwane da katifu, amma ba su kwashe sunayensu daga rumfunan zaɓen Wunti ba. Ranar zaɓe ba a barin mota ta yi yawo, saboda haka tun jajibiri suke shigowa gari, maza da mata. A kwana a zaure da tsakar gida, a ɗora babbar tukunya kamar ana biki, da safe a fita a dangwala wa ɗan gida. Da waɗannan ƙuri'u Abdulmuhaimin ya shiga majalisa, da su ya koma, kuma da su yake lissafin zai sake komawa.

Abin da ya riƙe Gubi da Wunti a lokacin wasu korayen bas-bas ne da mutane suke kira Rangwame, don hukuma ke ɗauke musu wani kaso na kuɗin mai. Tela ya shigo shago da safe ya koma da yamma. Mai tumatir ta kawo kwandonta kasuwa. Ɗalibi, leburan asibiti, tsohuwa mai zuwa barka, duk a ciki.

Da mai ya yi tsada, kasafi ya zo gaban kwamitin da Abdulmuhaimin yake shugabanta. A shekarar ne kuma 'yan majalisa suka matsa sai an sauya musu motocin hawa. Aka duba inda za a yanka, sai Honarabul ya ɗora alƙalami a kan Rangwame. Abin da ya raya a ransa shi ne, Gubi ba mazaɓarsa ba ce. In an yi kuka, a ƙofar wani ɗan majalisar za a yi. Ƙuri'a kuwa tana Wunti, ta jini ce, ba inda za ta je. Ya sa hannu, ya tashi ya tafi cin abinci.

Ba a daɗe ba aka jere bas-bas ɗin a wani gareji aka ja ƙofa.

Bappa Ɗanlarai, ƙanen mahaifinsa, tela ne, kuma shi ne babba a cikin mutanen Wunti da suka koma Gubi. Shi ya ɗinka wa Abdulmuhaimin rigar da ya sa ranar rantsuwa. Ya wanke ƙafa ya je har sabon gidan Honarabul a Gwallameji. Aka bar shi a benci wajen maigadi har la'asar ta yi sanyi, sannan mai gidan ya fito yana latsa waya.

"Bappa, kai ne da kanka? Ai da ka aiko."

"Wa zan aika, Muhaiminu, da wace motar? Maganar Rangwame ce ta kawo ni. An ce kai ka kashe ta."

"Wane ni! Aikin kwamiti ne. Kuma Bappa, motocin nan asara kawai suke jawowa. Ga keken haya ko'ina a gari."

"Keken da in na hau zuwa da dawowa, kuɗin ɗinkin ranar ya tafi? Mutane sun fara rufe shaguna. Yara sun daina zuwa gaida iyayensu."

"Za a duba, in sha Allahu."

Ya zaro kuɗin keke ya miƙa. Bappa ya dubi hannun, ya dubi doguwar baƙar motar da ake wankewa a tsakar gidan, ya ce, "Bar shi, na zo da nawa."

Abdulmuhaimin bai sake tunawa da zancen ba. Tsofaffi dama sai ƙorafi, in ji shi.

Da damina ta zagayo, Goggo Habibatu, yayar Bappa, ta rasu a gidan gado da hantsi. Aka ce jana'iza bayan azahar. Gawa ba ta jiran kowa, wannan ko yaro ya sani. Bappa ya fito bakin titi da wuri, amma duk keken da ya zo cike yake da ɗalibai, wanda babu kowa a ciki kuma sai ya ce shata kawai, a biya kuɗin kujeru duka. Tsoho ya kama tafiya a ƙasa, har wani direban tifa ya tausaya masa. Da ya iso Wunti, ya tarar an dawo daga maƙabarta, mutane suna wanke ƙafa a ƙofar gida.

Honarabul yana zaune a kan darduma, manyan baƙi kewaye da shi, yana amsar gaisuwa. Da ya hango Bappa da taɓo har gwiwa sai kunya ta kama shi a gaban baƙin, ya ɗaga murya don a ji.

"Haba Bappa! Yayarka ce fa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ko don ita ai ka sammako. Ka makara."

Bappa ya cire takalmi, ya nemi gefen tabarma ya zauna, ya ɗaga hannu ya yi wa mamaciya addu'a. Abdulmuhaimin ya ɗauka magana ta wuce.

Zaɓe ya matso. Abokin takararsa ya yi ƙarfi a sauran unguwanni, amma hankalin Honarabul kwance yake, don yana da Gubi a aljihu. Sabitu, wanda yake riƙe masa harkar kamfe, ya ba da shawarar a tada Rangwame ko na kwana ɗaya ne, a yi jigilar jajibiri. Suka je gareji. Tayoyi sun zauna, batura sun yi ƙafa, wata akuya ta haihu a bayan kujerar direba. Honarabul ya toshe hanci ya ce a ɗauko hayar motocin 'yan kasuwa, ko nawa ne.

"Ranka ya daɗe," in ji Sabitu yana sosa ƙeya, "da dai ka je da kanka. Mutanen sun ɗan yi sanyi."

Ranar Juma'a bayan la'asar suka shiga Gubi, bas na bin bas, an lulluɓe su da hotunansa, lasifika tana zuba masa kirari. Suka tsaya a tsohuwar tashar Rangwame. Ciyawa ta cinye wurin. A ƙarƙashin bishiyar dalbejiya Bappa ya kafa keken ɗinkinsa yana facin wando, tunda ya sallama shagon Wunti. Kusa da shi Madam Paulina tana suyar ƙosai. Ta yi shekaru tana haya a Wunti kafin ta koma Gubi, kuma aikin shara take yi a wani asibiti a gari har aka sallame ta saboda yawan makara.

Mutane suka fito, suka tsaya daga nesa suna kallo. Babu mai ƙunshin kaya, babu mai tabarma a hamata. Abdulmuhaimin ya sauko yana murmushi, ya durƙusa a gaban Bappa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Oga Honarabul!" in ji Paulina, tana juya ƙosai. "Wannan mota ya fito daga ina? Mu mun ce ya mutu, har mun yi masa sadaka."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ta dole.

"Bappa, ga motoci na kawo. A faɗa wa jama'a su shiga. An yanka sa a gida, tuwo yana kan wuta."

Bappa ya ciji zare ya tofar. "Mu shiga mu je ina?"

"Gida mana, Bappa. Gobe zaɓe."

"Na sani. Rumfata ga ta can, bayan firamare. Ko da sanda zan isa."

Murmushin ya tsaya a fuskar Honarabul. "Wace rumfa?"

"Bayan arba'in ɗin Habibatu ma'aikatan rajista suka zo makarantar nan. Na je na ce su ɗauke sunana daga Wunti su dawo da shi inda nake kwana. Ban kira kowa ba. Da aka ga na yi, aka bi layi."

"Har ni," in ji Paulina. "Har pasto namu."

"Bappa, nan ai ba mazaɓata ba ce! Ko kun so, ba ku da ikon zaɓena!"

"Haka suka gaya mana."

"Me na yi maka da zafi haka? Ni fa ɗanka ne."

"Ka ce na makara, Muhaiminu, a gaban mutane ka faɗa. Na dawo na kwanta na juya maganar, na ga gaskiyarka. Mutumin da ba zai iya kai yayarsa kabari ba, me ya rage masa a unguwar da zai ajiye suna? Gobe dai ba zan makara ba."

Abdulmuhaimin ya juya ya nemi Sabitu, Sabitu kuwa ya zagaya bayan mota yana amsa wayar da ba a kira ba. Sai Honarabul ya fuskanci taron, ya ɗaga hannu, ya rantse cewa in ya koma, abin da zai fara yi shi ne dawo da Rangwame, sababbi fil. Wata tsohuwa ta matso, ta shafa jikin bas ɗin gaba, ta leƙa ciki.

"Ɗan nan, kujerun da laushi. Ran Litinin ma za ta zo? Ina da ganin likita."

Honarabul ya kau da kai. Tsohuwa ta gyara mayafi ta koma inda ta fito. Bappa ya ɗora ƙafa a kan keken ɗinki ya ci gaba da faci.

Haka motocin suka juya wayam, lasifika tana ta kirari, don an rasa wanda zai tuna ya kashe ta. A Wunti tuwo ya kwana a tukunya. Washegari wakilansa suka wuni a rumfuna suna hamma, kafin magariba kowa ya san inda aka kwana.

Kada wani ya ɗauka mutanen Gubi sun ci riba. Rangwame tana nan a gareji tana ruɓewa, Paulina ba ta koma aikinta ba, Bappa bai koma shagonsa ba, kuma wanda ya hau kujerar bai taɓa tada zancen ba.

Shi kuwa Abdulmuhaimin, ga abin da ya rasa. Ya rasa kujera. Ya rasa baƙar motar da ya yanka Rangwame dominta, ta tafi wajen sallamar masu bas da masu buga hotunan kamfe. Gidan Gwallameji ya bi bayanta, ya dawo ɗakin da ya yi samartaka a gidan gado. Sabitu ya koma wajen sabon ɗan majalisa tun kafin a yi rantsuwa. Da Sallah ta zo Abdulmuhaimin ya aika wa Bappa shadda a ɗinka masa kamar kullum, aka dawo masa da ita a ninke, almakashi bai taɓa ta ba.